Fili Mai Lamba Tara a Bakin Dogo

Saura kwana uku hayar filinta ta ƙare, mai gidan burodi ta faɗo ɗakin jira na hukumar jirgin ƙasa, fulawa har gira. Ta zauna kusa da wani dattijo mai rungume da fayil.

"Baba, an sa hannu a ƙarin wa'adin hayar? Daga shekara talatin zuwa casa'in?"

"Casa'in! 'Yar nan, filin jirgi na al'umma ne. Haya ce ko gado?"

"Tanderun bulo mahaifina ya gina a wurin. Ana ɗaukar tanderu a ka ne? Ba inda za ni."

"Kin ci rabonki, ki matsa wa wasu. Ƙofar nan taki mai kallon tasha, ai shago huɗu za ta..."

Ta ƙare masa kallo. "Yaushe na ce maka ƙofata na kallon tasha?"

Dattijo ya yi tari, ya kife fayil a cinya. Ta riga ta hango: takardar neman fili mai lamba tara. Nata.

"Ashe layi ɗaya muke, Baba. To ni ce gaba."

Sai ga wata mata da hular kwano da igiyar awo ta leƙo. "Wa ke da lamba tara? Sabon layin dogo ta cikin filin zai bi."