Ƙwannafi Ya Taɓa Mini Huhu

Assalamu alaikum mai gabatarwa, Allah ya ƙara wa muryarka zaƙi.

Ni mai rera waƙen wa'azi ne daga Ƙofar Rini. Na yi shekara da shekaru ina kashe ƙwannafi da jiƙon kanwa, ina kuma miƙewa barcin rana da zarar na ture akushi. Bara tari ya sarƙe ni, har baiti guda ya gagari numfashina. An gwada tibi, wato tarin fuka, babu. Da aka sake auna kakina, sai ga wata ƙwayar cuta danginta, mai zama cikin ruwa da ƙasa.

Na ce, "Likita, me ya haɗa tumbi da huhu?"

Ya ce, "Malam, maƙwabta ne. In ka kwanta a ƙoshe, tsamin ciki kan hauro ya zurara huhu ya raunana shi, cutar ta samu masauki."

Yanzu ina kan doguwar jinya, na ɗaga kan gadona, na bar kwanciya bayan ci.

Waɗanda suka warke, ku faɗa mini, numfashi kan dawo? Ɗiyata za ta yi saukar Alƙur'ani bayan Sallah, na tsara mata baiti talatin, ba na son wani ya rera su a madadina.

Naku, Malam Buhari.