Na Zana Maigidana, Bai Gane Kansa Ba

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki, kai da masu sauraro. Ni ce Hauwa'u daga Muchia, Sabon Gari.

Akwai wani gidan nuna zane a Samaru da ke koya wa mutanen unguwa zane kyauta duk Asabar. Maigidana tela ne. Wata uku yana rufe shago ya kai ni a babur, ya jira ni. Da aka sa gasa, malamarmu Madam Ladi ta ce kowa ya zana mutumin gidansu.

Shi na zana. Amma ni mai karatun littattafan soyayya ce, sai hannuna ya bi abin da na saba karantawa. Na ja masa hanci, na yi masa saje, na haska fatarsa, na jingina shi da mota.

Ranar baje zanen ya daɗe tsaye gaban nawa, ya ce, "Hauwa, wane ne wannan?"

Na ce, "Kai ne mana."

Ya ce, "To, Allah ya haɗa ki da shi."

Wata 'yar ajinmu, Mama Ngozi, ita ce ta ci gasar. Ta zana mijinta da giɓinsa da tsohuwar singiletinsa, shi kuwa sai washe baki yake.

Yau Asabar uku ke nan bai kai ni ba. Na ba da haƙuri har na gaji. Na ɗauki fensir in zana shi yadda yake, sai na kasa tuna ko a wane kumatu tabonsa yake.

Jama'a, ku ba ni shawara. Yaya zan yi ya zauna in kalle shi, ko na rabin awa ne?