Musun Rasha ya sa ana dawo mini da tuwona

Assalamu alaikum mai gabatarwa, Allah ya ƙara wa muryarka albarka. Ni ne Baba Ɗanjuma, tsohon mahauci a kasuwar Sabon Gari, mazaunin Jushi. Ban yi boko ba, amma rediyo ba ya barin kunnena.

A majalisarmu ciyayya muke yi, kowa a kawo tuwo daga gidansa mu ci tare. Ran nan abokina Sajan Audu, wanda ya yi ritaya daga barikin Basawa, ya ce wai Rasha ta gama yawo, tunda ta yi shekaru tana yaƙi da Yukren ta kasa gamawa. Na ce, "Sajan, na yanka bijimai. Babban sa yana zubar da jini, amma ka matsa kusa ya karya maka ƙafa."

Ya ce, "Baba na kwata, me ka sani ban da tumbi da hanji?" Kowa ya kwashe da dariya. Ni kuwa na ce, "Kai ma ai sojan kicin ka yi, albasa kaɗai ka taɓa sa wa wuƙa."

Tun daga ranar ba wanda ya ƙara sa hannu a kwanona. A rufe ake mayar wa matata shi, jiya har ta yi hawaye. 'Yan majalisar sun ce wai sai na ba Sajan haƙuri. Shi fa ya fara!

Maganar Rasha dai ban janye ba, tana nan da ƙarfinta. Amma masu sauraro, don Allah ku gaya mini, me tuwon matata ya yi wa Yukren?