Murya Gaba, Fim Baya

A ɗakin jira na asibiti, wata dattijuwa riƙe da waya ta harari mai gyaran intanet da ke kan tsani.

"Kai ɗan nan, kiran surukina ta intanet ɗin nan sai yankewa yake, ga 'yata can ciki tana kan gwiwa!"

"Yi haƙuri, Inna, na'urar nake saitawa. Layi uku na yi mata: kiran murya gaba, takardun likitoci na biye, masu sauke fim can baya."

"Wane marar kunya ne ke sauke fim a asibiti?"

Ya yi wuf ya tura wayarsa aljihu.

Sai wayarta ta yi ƙara. Kukan jariri ya fito tar, babu yankewa. Ta dafe ƙirji.

"Alhamdulillahi! To sauko, ɗana, ka ƙarasa fim ɗinka."