Bangon Gidana Ya Shiga Fim

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, da fatan ka tashi lafiya. Ina sanar da jama'ar Tamale cikin alhini cewa shuɗin fentin gidana da ke Sabonjida ya riga mu gidan gaskiya, wata biyu kacal da shafa shi.

Ga yadda aka yi. Tun da aka ce za a sassauta wa masu fim haraji, wasu suka taso daga Ankara, babban birnin ƙasarmu, neman “arewa ta gaske”. Ina makaranta wurin aiki suka lallaɓi maiɗakina, suka yaɓe bangona da laka, suka sauke dish ɗin talabijin, suka aro awaki. Na dawo na ce wa babbansu, “Yallaɓai, muna da lantarki fa.” Ya ce, “Malam Inusa, shi ne matsalar.”

Abin takaici, ƙanena Dawuda tela kwangilarsa ita ce ɗinka sabuwar rigar gargajiya ta batakari, sannan ya yayyaga ta. Masu yalo-yalo, wato babur mai ƙafa uku, suna jigila, amma an hana su gilmawa gaban kyamara. Wato aikinmu shi ne mu yi kama da matsiyata.

Masu sauraro, ku ba ni shawara: in sake fenti, ko in jira kashi na biyu?

Amma in faɗi gaskiya. Na taɓa rubuto muku cewa wannan sassauci ba zai ba kowa aiki ba. Dawuda ya riga ya ɗaure keken ɗinkinsa zai koma Kumasi, yanzu ya kwance shi. A nan kam na yi kuskure.