Ramin da Ba Usta Lutfi Ya Huda Ba

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Assalamu alaikum.

Mai girma shugaban kulob, Injiniya Midhat; 'yan kwamitin gudanarwa, na yanzu da na da; Shaihu Abdul-Gawad, limamin unguwar Bahari; uwarmu Hajja Ni'imat, Ummu Ashraf, matar marigayi; ɗansa Ashraf da ya taso daga Kuwait, da ƙanwarsa Dakta Sahar; 'yan wasa tsofaffi da sababbi: ina gaishe ku, ina yi mana ta'aziyya baki ɗaya.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Nagi Sabri. Na riƙe kyaftin ɗin 'yan wasan bolin na wannan kulob shekara goma sha ɗaya, wasan nan da ake gangara ƙwallo mai ramukan yatsu a kan layin katako don a kayar da sanduna goma. Yau kwana arba'in da muka kai Usta Lutfi Shahin makwancinsa, kuma iyalinsa ne suka nemi in yi magana a madadinmu, mu da hannuwanmu suka bi ta hannunsa.

Usta, kamar yadda muke kiran gwanin sana'a, ya kasance mai gyaran ƙarfe ne tun asali, a wurin gyaran jiragen ruwa. Da aka buɗe wannan zaure, aka sayo injin huda ƙwallo, aka rasa wanda zai taɓa shi a duk Iskandariya. Shi ya zo ya zagaya injin sau biyu, ya ce a ba shi mako ɗaya. Daga nan ya yi shekara goma sha bakwai a ɗakin nan da ke bayan layi na goma sha biyu.

Ina da shekara ashirin da shida na fara shiga ɗakin. Na taɓa karyewa a yatsan tsakiya, ya warke a ɗan karkace. Duk jifan da na yi sai ƙwallo ta suɓuce mini kafin lokaci, ta daki katako kamar an yar da tukunya. Har na yanke shawarar barin wasan. Usta ya karɓi ƙwallon, ya leƙa ramukan, ya tambaye ni ko mai gyaran famfo ne ya huda mini. Sannan ya kama hannuna ya shimfiɗa a kan tafinsa, yana lanƙwasa yatsu ɗaya bayan ɗaya, har shayinsa ya huce. Ya ce tazarar da ke tsakanin ramin babban yatsa da na sauran biyun ta yi mini gajarta, shi ya sa nake matse ƙwallo don kada ta faɗi, mai matsewa kuwa ba ya sakin jifa da kyau.

"Kana damƙe ta kamar ɓarawon da ka kama a cikin tarago," in ji shi. "Ita za ta riƙe ka, ba kai za ka riƙe ta ba."

Bayan kwana uku na karɓi ƙwallona. Babban yatsa ya zare da kansa, sauran biyun suka biyo baya suka murza ta, ta lanƙwasa ta shiga tsakiyar sanduna goma. Na juyo don in yi masa godiya, na tarar ya riga ya koma ciki.

Ya kasance ba ya auna hannu sau ɗaya ya ce ya gama. Ya san yatsa na kumbura da zafi, yana motsewa da sanyi, yana ramewa a watan azumi. Ya kasance yana hana mutum abin da yake so in ya ga zai cuce shi. Ya kasance shi ne ya huda wa 'yan matanmu na farko ƙwallayensu, lokacin da ake miƙa musu ragowar na maza ana dariya. Kurame da suke zuwa ran Talata, da tsofaffin nan masu ciwon gaɓɓai, duk shi ya zauna da su, bai taɓa nuna ya gaji ba.

Jama'a, da a nan zan tsaya, da na yi muku jawabin da aka saba ji. Amma da Dakta Sahar ta kira ni, cewa ta yi: "Baffa Nagi, in za ka faɗi abin da ka sani, bismillah. In yabo ne kawai, mun ƙoshi."

To, ga abin da na sani.

Shekara goma sha uku da suka wuce, kwamiti ya ɗauko mana koci daga waje, muna shirin wata babbar gasa. Gwaninmu a lokacin Wa'il Dakruri ne. Kocin ya ce a ƙara wa Wa'il tazarar ramuka da kusan rabin santimita, wai don ƙwallo ta ƙara juyi. Usta ya ƙi. Ya ce hannun Wa'il bai kai nan ba. In aka miƙe shi haka, babban yatsa zai maƙale a rami lokacin saki, wata rana kuma jijiya ta tafi. Aka lallashe shi, aka yi masa tsawa, ya ce sai dai a nemi wani.

Muka tafi gasar. A wasan ƙarshe, jifa na tara, yatsan Wa'il ya maƙale. Ƙwallo mai nauyin kusan kilo bakwai ta ja shi ya kife a kan layi a gaban kyamarori. Jijiyar babban yatsansa ta tsinke. Muka dawo gida da kunya, 'yan jarida suna tambayar laifin wa.

Bayan mako biyu aka kira mu ofis, mu shida. Aka ajiye mana takarda mai cewa kuskuren huda ne daga ɗakin Usta. Aka ce mana idonsa ya fara rauni, shekaru sun ja. Aka ce takardar ta rufe bakin jarida ce kawai, zai huta wata uku ya dawo. Ni na fara sa hannu, don ni ne kyaftin. Ban ce a kawo mini ƙwallon in duba ba. Ban taka zuwa bayan layi na goma sha biyu na tambaye shi ba, alhali tafiyar minti ɗaya ce.

Ranar da kwamiti ya kira shi ina wurin. Aka miƙa masa ƙwallon. Ya sa babban yatsa a ramin, ya bi gefensa da farce. Ya ɗaga kai ya dubi Wa'il, wanda ke zaune da hannu a naɗe. Wa'il ya dubi ƙasa. Sannan Usta ya ce, "To, tunda an riga an rubuta." Ya ciro makullin ɗakin ya ajiye a kan tebur.

Wata uku suka wuce, shekara uku suka wuce, ba wanda ya kira shi. Ya koma gyaran ƙarfe a shagon wani ɗan uwansa a Bahari. Da kulob ya yi bikin cika shekara, aka gayyaci har mai sayar da lemo a bakin ƙofa, shi ba a aika masa kati ba. A cikinmu akwai waɗanda suka riƙa sauya hanya in sun hango shi. Ni sai bayan shekara huɗu na je gidansa, shi ma don ƙwallona ta fara cin yatsana ne. Ummu Ashraf ta kawo shayi, ba ta dube ni ba. Shi kuwa ya kama hannuna kamar jiya muka rabu, ya ce na yi ƙiba har a yatsa, in rage cin burodi. Bai ta da zancen takarda ba, ni ma na ji daɗin da bai tayar ba.

Kwana biyu bayan jana'iza, Wa'il ya same ni a kantin maganina. Yana nan zaune a baya, kuma da izininsa nake faɗin wannan. Ya gaya mini cewa da Usta ya ƙi, ɗaukar ƙwallayen aka yi a motar wani ɗan kwamiti aka kai Alƙahira. Can aka toshe ramukan da Usta ya huda, aka huda sababbi yadda koci yake so. Tabon toshiyar ne Usta ya ji da farcensa ranar nan. Ya gaya mini kuma cewa an yi masa kashedi: in ya buɗe baki, kulob ba zai ɗauki nauyin aikin da za a yi wa hannunsa ba, tunda a waje aka taɓa ƙwallon. An tabbatar wannan kashedin ya isa kunnen Usta kafin ya shigo ɗakin taron.

Ke nan Usta ya sani. Ya auna sunansa da hannun Wa'il, ya zaɓi hannun. Waɗanda suka shirya takardar su ma sun sani, sun kuma san irin mutumin da suke hulɗa da shi. Sun tabbata ba zai yi magana ba, a kan wannan suka gina dabararsu. Da kirkinsa aka kama shi. Mu kuma aka yi amfani da sunayenmu, mu da ya gyara wa hannu, don a ce ai 'yan wasansa ma sun shaida.

Biyu daga cikin waɗanda suka shirya ta suna cikin zauren nan. Ba zan kira suna ba, yau ranar Usta ce. Na dai ga sun rungumi Ashraf a bakin ƙofa ɗazu.

Ranka ya daɗe shugaba, ba ka cikin kwamitin wancan lokacin, na kuma san da kyakkyawar niyya ka sa aka rubuta sunan Usta a allon da za a buɗe yau. Amma takardar nan tana cikin kundin kulob har gobe, tana cewa shi ya nakasa ɗan wasa. Ni Nagi Sabri na janye sa hannuna a gaban jama'a. Na rubuta hakan, zan miƙa wa sakatare in na sauka. Cikinmu mu shida, ɗaya ya riga mu gidan gaskiya. Sauran huɗun na bar fili a ƙasan sunana. Roƙona kada a yaye ƙyallen da ke kan allon sai an gyara kundin.

Ummu Ashraf, kin zauna da wannan magana shekara goma sha uku, kina ba mu shayi. Ba na neman ki yafe mana yau, ba mu kai nan ba tukuna. Ashraf, Dakta Sahar, ku gaya wa 'ya'yanku cewa idon kakansu lafiya lau yake, bai kuma taɓa huda ramin da ya cuci kowa ba.

Na gode wa iyali da suka ba ni wannan dama, na gode wa duk wanda ya zauna ya ji har ƙarshe, ko da bai ji daɗi ba.

Ya Allah, ga bawanka Lutfi ɗan Shahin ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka saka masa da abin da muka hana shi. Ka ba iyalinsa haƙuri. Mu kuma da muka rage, kada Ka karɓi ranmu da haƙƙinsa a wuyanmu. Amin.

Mu karanta masa Fatiha.