Babur Ɗin da Ba Ya Hucewa

A rumfar wani bakanike a Funtua, Malam Mahadi yana zaune yana jiran a ɗaura abin sanyaya baƙin mai a tsohon babur ɗin da ya saya wa ɗansa, wanda zai riƙa zuwa gona da shi a Maska. Sai wani dattijo ya tsaya kan bakaniken.

"Sannu da aiki, Malam. Kai ma sanyi za ka sa masa?"

Bakaniken ya ce, "Zafi yake yi, Baba. Da iska ta bugi wannan, mai zai huce."

"Ni ma na taɓa ɗaura masa. Ga ramukan kusoshina nan."

"Ashe aikinka ne bai yi ba!"

"Aikina ya yi. Mai shi na farko a kansa ya rasu, a hanyar Maska. Magada suka sayar ko jinin ba su wanke ba. Tun ranar bai huce ba."

"Haba Baba, tsufa ne kawai."

"Yaushe rabon da a tayar da shi?"

"Kwana uku. Man ma na juye."

"To taɓa injin."

Bakaniken ya taɓa, ya janye hannu da sauri yana yarfewa.

"Rana ce ta buge shi."

"A cikin inuwa? Wanda ya saya na biyu ma rana ya ce."

"Yana ina yanzu?"

"Ni na yi masa wanka."

Malam Mahadi ya ɗaga kai. Can ya hango ɗansa yana tsallako titi, yana murmushi, riƙe da sabuwar hular kwano.